Awa Biyun Direba, Na Wane Ne?

'Yar'uwa, yau kam zan ɗauke ki daga tsakar gida in kai ki bakin titi, titin ma ba na nan kusa ba, na can ƙasar Ingila. Kada ki ce me ya haɗa ki da direbobin manyan motoci na Turai, ke da ko fasfo ba ki da shi. Ki dai biyo ni a hankali, domin akwai wata gardama da ake yi tsakanin direbobin can da iyayen gidansu wadda tun da na fahimce ta take ta yi mini yawo a zuciya. Gardamar a kan barci ce, kuma duk tsawonta awa biyu ce kacal.

Bari in fara warware miki yadda abin yake. A ƙasashen Tarayyar Turai akwai dokar da aka kafa a shekarar 2006, ta fara aiki a watan Afrilu na 2007, wadda ta tsara yadda direban babbar mota zai yi tuƙi da yadda zai huta. Birtaniya ta fice daga Tarayyar a 2020, amma ba ta yar da wannan tsari ba. Dokar ta ce direba ba zai wuce awa 9 yana tuƙi a rana ba, sai dai sau biyu a mako an yarje masa ya kai awa 10. In ya yi awa huɗu da rabi riƙe da sitiyari, dole ya tsaya na minti 45. A mako kada tuƙinsa ya wuce awa 56, a mako biyu a jere kuma kada ya wuce awa 90. Sannan a cikin kowace awa 24 sai ya sami hutun awa 11, ba tuƙi, ba lodi, ba sauke kaya, ba aiken kowa. Kuma ba a bar maganar a fatar baki ba. A cikin motar akwai wata na'ura da ake kira takogiraf, direba yana da katinsa da yake zura mata, ita kuwa tana rubuta lokacin da mota ta motsa da lokacin da ta tsaya, minti bayan minti. Jami'an hanya suna iya tare shi su karanta abin da ya aikata a makonnin da suka wuce, in an sami saɓo a ci shi tara, a bi kamfanin ma.

To amma a cikin dokar akwai wata 'yar ƙofa da aka bari a buɗe. An ce wannan hutu na awa 11 ana iya rage shi ya koma awa 9, har sau uku tsakanin hutun mako da hutun mako. A tsohuwar dokar da ta gabaci wannan, in an rage wa direba hutun rana sai an rama masa kafin ƙarshen mako mai zuwa. A sabuwar kuwa babu ramuwa, abin da ya tafi ya tafi ke nan. Hutun mako ne kaɗai, wanda yake awa 45, in an rage shi zuwa awa 24 ake biyan bashinsa daga baya.

Ga inda gizo yake saƙar. Dokar ta faɗi sau nawa za a rage, amma ba ta faɗi wanda zai yanke shawarar ragewar ba. Direban ne zai ce yau ina jin ƙarfi, zan tashi da wuri? Ko kuwa manaja ne zai zauna a ofis ranar Litinin ya rubuta masa jadawalin da ba zai yiwu ba sai da hutun awa 9? Masu kamfani suna cewa tun da doka ta halatta, to umarni ne na halas, ma'aikaci kuwa bin umarnin halas aka ɗauke shi ya yi. Direbobi da yawa suna cewa a'a, wannan sassauci ne da aka yi saboda larura, ba gonar ubangida ba ce. Su masu shari'a sai su ce a je a duba takardar ɗaukar aiki a ga me aka sa wa hannu. Ni kuwa ba takarda ce ta dame ni ba. Tambayata ita ce, ko da takarda ta ba shi dama, daidai ne mutum ya tilasta wa ɗan'uwansa mutum ya rage barci saboda kaya su isa da wuri?

Kafin ki ce ai awa 9 ma ta isa, ke da ba kya samun ko shida saboda goyo, tsaya mu yi lissafi irin na cefane. Awa 9 ɗin nan ba ta barci ba ce, ta barin aiki ce. In hutu ya koma awa 9, to yinin aiki ya miƙe ke nan har awa 15. A ce direba ya shiga bakin aiki ƙarfe 5 na asuba, ya cire katinsa ƙarfe 8 na dare, kuma ana jiransa ƙarfe 5 na asubar gobe. Daga harabar kamfani zuwa gidansa a ce tafiyar minti 40 ce. Ya isa gida tara saura, ya watsa ruwa, ya ci abinci, ya leƙa yara ya tarar sun yi barci, matarsa ta ɗan faɗa masa abin da ya faru a gida. Wanda ya yini yana kallon kwalta kuwa ba ya kwanciya barci ya ɗauke shi nan take, kunnensa na ta amsa kukan inji. In ya yi sa'a ƙarfe goma da rabi ya yi barci, huɗu saura ƙararrawa ta buga. Nawa ke nan? Awa biyar da 'yan mintoci. A maimaita masa haka dare uku a mako ɗaya, na'ura kuwa ba za ta ce uffan ba, domin a wurinta komai yana kan ƙa'ida.

Amma fa ba zan yi wa mai kamfani rashin adalci ba, shi ma yana da bakin magana, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Zai ce miki ya yi alkawari da manyan kantuna cewa madara da burodi da kayan lambu za su iso ƙarfe kaza, in ya saɓa a ƙwace kwangilar a bai wa wani, ranar nan kuwa direban da ya ƙi tashi da sauran abokan aikinsa duk su rasa abin yi. Zai ce ba shi ya ƙago awa 9 ba, hukuma ce ta zauna da masana ta ga cewa nan ne iyaka, to don me za a ce shi azzalumi ne alhali bai tsallake layi ba? Zai ce in kowane direba shi zai zaɓi lokacin tashinsa, yaya za a tsara motoci hamsin? Sannan zai ƙara da wata wadda ta fi sauran ƙarfi, ya ce su direbobin da kansu suke roƙon a bar su su rage. Kuma gaskiya ya faɗa. Direban da yake kwana a cikin mota a gefen hanya, ba banɗaki mai kyau, ba abinci mai zafi, ga fargabar ɓarayin mai da masu yanka tamfol, me zai zauna yi har awa 11? Gara ya yi tara ya kama hanya ya isa gida ranar Juma'a da sauran haske ya ga 'ya'yansa ido biyu. Wani kuma da awa ake biyansa, ga kuɗin haya ya taso.

Duk na ji, na kuma yarda da rabinsu. Inda muka rabu da shi shi ne, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato abin da aka yarje wa mutum ya yi, da abin da aka yarje a tilasta masa.

Ke uwargida kin fi kowa sanin wannan. Kina da ɗan asusunki da kike jefa canji saboda ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi cikin dare ko baƙi su yi sallama maigida ba ya nan. In ranar ta zo kika fasa shi da hannunki, babu wanda aka zalunta. To amma a ce maigida ya gano da asusun, sai ya rage kuɗin cefane tun daga farkon wata yana cewa ai kina da ajiya, ki riƙa cikawa da ita. Kuɗin dai su ne, adadinsu bai canza ba, amma ajiyarki ta tashi daga tanadi ta koma haraji. Kuma ranar da zazzaɓin ya zo da gaske, sai ki girgiza asusu ki ji wayam. Haka abin yake ga direba. Manajan da ya riga ya rubuta ragi uku ɗin nan cikin jadawali tun ranar Litinin, ya cinye tanadin tun larura ba ta zo ba. Ranar Alhamis in haɗari ya tare babbar hanya na awa biyu, ko aka shanya direba a wurin sauke kaya, ba shi da sauran abin fasawa. Ko dai ya kwana a gefen titi yana hango garinsu, ko ya karya doka da katinsa da sunansa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Da barcin direba nasa ne shi kaɗai, da sai mu ce ciniki ne tsakanin baligai biyu, wannan ya sayar wancan ya saya, ina ruwan biri da gada. To ba nasa ba ne shi kaɗai. Babbar mota a Ingila da kayanta tana kai tan 44, kuma an ɗaure gudunta a wajen kilomita 90 a awa. A wannan gudu tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗi na daƙiƙa huɗu, irin wanda kike yi kina tsintar shinkafa ki farka ki ce ai ban yi barci ba, ya isa motar ta yi tafiyar mita 100 ba kowa a kanta, kusan tsawon filin ƙwallo. A shekarar 1997 wasu masu bincike a ƙasar Ostireliya suka gwada mutane, suka gano cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya daidai gwargwadon da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Ki duba fa, babu mai kamfanin da zai miƙa wa direbansa kwalba ya ce sha ka ja mota, kowa zai ce ya haukace. Amma ana miƙa masa jadawalin da zai kai shi kusa da wannan hali, a kira shi tsarin aiki. Matar da take gaba a 'yar ƙaramar motarta da yara biyu a baya ba ta sa hannu a takardar kowa ba, ba a tambaye ta ko ta yarda ba, alhali da ranta ake cinikin.

Na'ura kuma tsayuwar mota take aunawa, ba ta auna rufewar ido. A watan Yuni na 2014 a jihar New Jersey ta Amurka, wata tirela ta afka wa motar da take ɗauke da ɗan wasan barkwancin nan Tracy Morgan, abokinsa ya mutu, shi kuma ya ji mummunan rauni. Da hukumar binciken haɗura ta bi diddigi sai ta tarar direban ya fi awa 28 bai runtsa ba, domin kafin ya fara aikin ma sai da ya tuƙo motarsa ta kansa kusan kilomita 1,300 daga gidansa a Georgia zuwa wurin aiki a Delaware. Wannan doguwar tafiya ba ta cikin lissafin awoyin aiki. Shi ya sa nake cewa mutum ɗaya ne tak a duniya ya san ko direba ya isa ya ja mota da asubar nan, shi ne direban. Manaja yana ganin takarda, jami'i yana ganin kati, shi kuwa yana jin nauyin fatar idonsa. Jiki magayi. Yaya za a ɗauke hukunci daga hannun wanda yake ji a jikinsa a damƙa wa wanda yake kwance a gadonsa a lokacin?

Za ki ce to ai sai ya ƙi. A takarda kam yana da kariya. Tun 1974 dokar Birtaniya ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kula da lafiyarsu da ta jama'ar da aikin zai shafa, wata dokar ta 1996 kuma ta hana a kori ma'aikaci ko a musguna masa don ya ƙi aikin da ya tabbata a ransa akwai babban haɗari na kusa a cikinsa. Ita kanta dokar tuƙin ta hana a biya direba lada bisa nisan tafiya ko yawan kaya in hakan zai jefa mutane cikin haɗari, ta kuma ce ana iya kama kamfani da laifin da direbansa ya yi. Duk wannan da kyau. Amma ni da ke mun san yadda "a'a" take fita daga bakin talaka. Ba sai an kore shi ba. Sati mai zuwa sai ya ga an ba shi hanyar da kowa yake gudu, an hana shi ƙarin awoyin da yake cike giɓi da su, in kuwa ɗan haya ne da ake kira rana-rana, sai wayarsa ta yi shiru kawai, babu wanda ya ce masa ya yi laifi. Mutumin da ya ce "to" yana tuna kuɗin makarantar yara, ba yarda ya yi ba, sallamawa ya yi. Sannan in abin ya faru, shi za a tsayar gaban alƙali. Tun watan Yuni na 2022 hukuncin kashe rai ta hanyar tuƙin ganganci a Birtaniya yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Wanda ya tsara jadawalin sau da yawa yana gida yana shan shayi.

Ba kuma masu kamfani kaɗai ba. A watan Yuli na 2021, da aka yi ƙarancin direbobi a Birtaniya har kantuna suka fara zama fayau, gwamnati da kanta ta sassauta dokar na wani lokaci ta ƙara wa direbobi awoyin tuƙi, ƙungiyoyin ƙwadago suna ta kuka. A watan Satumba na shekarar gidajen mai suka ƙafe saboda babu masu jan tankoki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da abu ya matse, wuri na farko da aka fara laluba shi ne aljihun barcin direba, kamar dai shi ne abin da ya fi araha a ƙasar. Mai saye ma da yake son kayansa gobe-gobe kuma a farashi mai sauƙi, yana da ɗan hannu a ciki ko bai sani ba.

To ni ina na tsaya? Ina ganin mai kamfani yana da damar ya tambaya. Yana da damar ya ce wa direba tun da wuri, ranar Laraba akwai matsi, za ka iya? Yana da damar ya sa ran cewa mutumin da yake cin albashinsa zai taimaka in da hali, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya mai da larura abincin kullum, da kuma ya hukunta wanda ya ce yau idona ba zai kai ni ba. Kalmar ƙarshe ta mai idon ce.

Na san abin da za a ce, wai malalaci zai fake da gajiya. Zai fake kuwa, babu ko shakka, a kowace sana'a akwai irinsu. Amma ki ɗora kuskuren biyu a sikeli. In an gaskata maƙaryaci, tumatir ya makara awa biyu, an yi asarar kuɗi, kuma malalaci ba ya ɓuya, wata uku ya isa a gane shi. In kuwa aka ƙaryata mai gaskiya, sai a je a tarar da abin da ba a gyarawa.

Shi ma direba ban sake shi ba. Wanda yake neman a mutunta hutunsa, to ya huta ɗin. A ranar 28 ga Fabrairu 2001, kusa da garin Selby a arewacin Ingila, wani mutum yana jan Land Rover da tirela a bayanta ya sauka daga babbar hanya ya faɗa kan layin dogo. Jirgin fasinja ya daki motar, ya kauce, ya yi karo da jirgin kaya. Mutum 10 suka mutu. Kotu ta gamsu cewa barci ne ya sace shi, domin ya raba daren yana hira a waya, aka ɗaure shi shekara biyar. Babu manajan da ya tilasta masa. Awa 11 da aka ƙone a kan waya ba ta fi awa 9 da aka yi barci a cikinta ba, kuma direban da ya roƙi ragi don ya isa gida da wuri alhali yana hamma tun la'asar, shi ma ya yi ciniki da abin da ba nasa ba.

In mijinki direba ne, ko yayanki, kin san yadda suke shigowa, ido ja, ƙafa a kumbure, warin man dizal a riga. Rai dangin goro ne, ban iska yake so. Maganar kuɗin anko da rigimar maƙwabta za su iya jira ya farka.

Sai kuma wadda nake ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Da yawa daga cikinmu da muke jin haushin manajan Ingila, mu ma manajoji ne a gidajenmu. Yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye take taya ki aiki, ita ce ta ƙarshen kwanciya bayan an gama wanke-wanken dare, ita ce kuma ta farkon tashi ta hura wuta ta ɗora ruwan wankan 'yan makaranta. Ranar da za a yi baƙi ko suna, sai a ce yau kam a yi haƙuri a tashi da wuri, ita kuma ta ce to, domin me za ta ce? Sannan ranar baƙin ta wuce, tashin wurin bai wuce ba. In ta fasa faranti ki ce sakarci ne, in kin same ta tana gyangyaɗi a bakin murhu da jaririnki a bayanta ki ce lalaci ne, ga tukunyar ruwan zafi a gabanta. Direban Ingila ko ba komai yana da kati da na'ura da jami'in da zai tare hanya ya karanta. Ita ba ta da ko ɗaya, ke kaɗai kika san ƙarfe nawa ta kwanta jiya.